Ranar da Na Yanka Rigar Ubanku

Abin da zan faɗa muku ya faru shekara biyu bayan babbar yunwar da ta kwashe shanun Adar, wadda muka ci jar dawar taimako har bakinmu ya saba da ɗacinta. Shekarar ce rijiyar gabas ta rufta, ita ce kuma shekarar da na yaye Ramatu, wagga da ke zaune gabana yanzu da gilashi a ido tana rubuta abin da nake faɗi. Azumi ya faɗo tsakiyar bazara. Ni ban shiga lakkwal na yi boko ba, ban san lambar shekara ba, amma ku tambayi kowane tsoho tsakanin Keita da Buza azumin da aka riƙa tsintar kurciyoyi matattu a gindin rumbu saboda zafi, zai gane shekarar.

Na san abin da kuka taso kuna ji. An ce uwarku ta tuɓe ubanku gaban jama'a, ta yanka rigar gadon gidansu da wuƙa, ta sa ya bar gari damina uku. Duka an yi, ban zo in musa ba. Sai dai akwai abin da ya riga wannan, wanda ba wanda ya sani sai ni da shi. Shi ya tafi da nasa sanin kabari. Ni ba zan tafi da nawa ba.

A lokacin, tsaunukan nan da kuke gani cike da itatuwa babu ko kara a kansu. Dutse ne baƙi zalla, in rana ta take sai ka ga iska na rawa a samansa. Sai aka kawo aikin da ake kira foroje: a jera duwatsu layi-layi a jikin tsauni don su tare ruwan sama, a gina ramuka, a dasa itatuwa. Ba kuɗi ake ba mu ba, abinci ne, dawa da mai da garin madara. Galibin maza sun tafi cin rani, saboda haka mu mata muka ɗauki aikin a kanmu. Ni da Inna, uwar da ta haife ni, da taubashiyata Zali, layi ɗaya muke. Ka naɗa gammo, a ɗora maka dutse, ka hau, ka ajiye, ka sauko. Babu macen da ta fi ni ɗaukar babban dutse a garin nan, kuma wannan ba yabon kai ba ne, an sani.

Ubanku bai daɗe da dawowa daga Abijan ba. Sunansa ban taɓa kama shi da bakina ba yana da rai, ba kuma yau zan fara ba. Mutanen gari Ɗan Maigari suke ce masa, don mahaifinsa ya riƙe garin kafin sarautar ta koma wani gida. Dogo ne, mai jiki, mai zufa. In ya yi tafiya daga masallaci zuwa gida sai ka matse taggonsa ruwa ya zuba. Kuma ban taɓa ganin mutum mai kunyar surukai irinsa ba. Ku yaran yanzu kuna zama tabarma ɗaya da uwayen matanku kuna shan shayi, ba za ku gane ba. Shekara goma sha ɗaya da aurenmu, Inna ba ta taɓa ganin yana cin abinci ba, ba ta taɓa ganin kansa babu hula ba, ba ta taɓa ganin ko damtsensa ba. In ya hango ta a hanya zai ratse cikin gonaki ko da ƙaya ce. In ba wurin ratsewa, ya tuɓe takalmi ya durƙusa, idonsa a ƙasa, har ta wuce. Ita ma haka, ta ja mayafi ta kau da kai. Gaisuwarsu ta bayan zana ce. Kuma suna son juna, wallahi, fiye da yadda wasu ke son uwayensu.

Abu ɗaya ya rage masa na gidan sarauta: kore. Babbar riga ce rinanniya da baba, an buge ta har tana ƙyalli kamar bayan ƙwaro, in ka ɗaga ta nauyinta ya kai na ɗan akuya. Ba a wanke irinta. Ruwa ya taɓa ta, ƙyallin ya tafi. Zufa ta fi ruwa ɓarna, don tana barin farin gishiri a jikin baba, kuma a gyara ta sai an kai ta ƙasar Kano wurin masu rini da bugu. Sallar da ta wuce ya sa ta, da taggo biyu a ciki don su tsotse zufa, duk da haka da ya dawo daga idi muka ga farin zane a hammatar dama. Yayarsa Habsu, wadda ke ganin rigar kamar ubansu ne bai mutu ba, ta yi kwana biyu tana kuka.

To sai shef, shugaban aikin, ya ce manyan baƙi za su zo daga Tawa, har da Nasara, su ga duwatsun da muka jera. Ana son mutum ɗaya ya tsaya bisa tsauni ya yi musu maraba da sunan gari. Maigari ba ya jin Faransanci, ubanku kuwa ya tsinto nasa a bakin teku. Aka ce shi. Rannan ya shigo gida kamar an mayar masa da rawanin ubansa.

Ana saura kwana biyu, bayan la'asar, ya kira ni ɗaki ya saki labule. A hannunsa akwai ledar nan mai kauri da ke cikin buhun garin madara. Leda a lokacin abin marmari ce, ba kamar yau da take rataye a kowace ƙaya ba.

Ya ce, "Cima, kin ga wagga? A Abijan masu aikin kifi ita suke sawa, ruwa ba ya ratsa ta. In na sa ta daga ciki, taggo a kai, kore a sama, zufa ba ta da hanya."

Na ce, "Maigida, ba za ta yi ƙara ba in kana tafiya? Kar baƙi su zaci buhu ne ke musu maraba."

Ya yi dariya ya ce, "Shi ya sa na kawo miki. Ni in na ɗinka za ta yage. Hannunki ya fi nawa. Amma ko Habsu kar ta ji."

Nan ne wurin da ba wanda ya sani. A zamaninmu allura ta maza ce. Mace tana kaɗi, tana saƙar faifai, amma ɗinkin riga namiji ke yi. Ni ubana maɗinki ne, ba shi da ɗa namiji sai daga baya, na zauna gefensa tun ina ƙarama na ɗauke aikin da ido. Ban taɓa nunawa a waje ba. To rannan aka ce hannuna ya fi na namiji, kaina ya kumbura. Ku ji da kyau, ban ce masa a'a ba. Ban ce masa zafi zai yi yawa ba, ko a raina ban kawo ba. Na wanke ledar, na shanya a ɗaki, na yanka ta 'yar ciki marar hannu. Na bi wuyan da hammatar da ƙyallen fari don kar ta yanke shi, don kuma ta daina ƙara. Na matse ta ta kama jiki sosai. Sannan na yi abin da bai ce in yi ba: na ga zufar za ta gangaro ta jiƙa wando ta taɓa ƙasan kore, sai na yi mata zariya a ƙugu, a ja a ɗaure, ko ɗigo kar ya fita. Da na nuna masa ya riƙe baki ya ce ko telan Abijan bai kai nan ba. Na kwana biyu ina jin daɗin maganar.

Ranar ta zo. An ce baƙi za su iso da hantsi. Tun rana ba ta yi tsawon mashi ba ya shirya, ni na ɗaure masa zariyar da hannuna. Leda, taggo, kore, rawani. Da ya fito, mata suka yi guɗa. Zali ta zungure ni da gwiwar hannu.

Ta ce, "Ke baiwata, wanga mijin ya fi ƙarfinki. Ki ba ni aro in kai shi kasuwar Tama a gan ni da shi."

Na ce, "In kin samu jakin da zai ɗauke ku ku biyu, ki zo ki ɗauka."

Ya hau tsauni ya tsaya inda shef ya nuna masa, wuri mafi tsawo, don a hango shi daga hanya. Babu inuwa ko ta tafin hannu. Mu kuma aka ce mu ci gaba da ɗaukar dutse, baƙi su tarar ana aiki. Layinmu yana wucewa ta kusa da shi, saboda haka ya juya baya ga layin, don Inna. Hantsi ya wuce, ba mota. Rana ta take, ba mota. Kowa da azumi a baki. Maza suka ce ya sauko ya zauna a inuwar rumfar kayan aiki, ya ce kore ba ta zama a ƙasa, kuma in baƙi suka zo ba su ga kowa tsaye ba garin ne ya ji kunya. Duk hawan da zan yi sai na saci kallonsa. Wajen azahar na ga fuskarsa ta yi wani irin duhu, ta bushe ƙamas. Mutumin da zufa ke ɗiga daga gemunsa ko da sanyin safiya, yau babu ɗigo a goshinsa. Wallahi abin da ya zo mini a rai shi ne, ledata tana aiki.

Sai aka ce ga ƙurar motoci can nesa, wajen kwari. Aka fara gyara tsayuwa. A daidai nan na ji muryarsa. Ya ɗaga hannu yana magana da ƙarfi, ba Hausa ba, ba Faransanci ba, wani yare na bakin teku, yana yi wa dutse faɗa. Ya yi taku biyu kamar mai neman ƙofa. Sai ya zube. Ƙarar faɗuwarsa har yau tana kunnena.

Wuri ya ruɗe da salati. Maza suka kewaye shi, aka ce mata su ja baya. Dama tun fara aikin tsofaffi ke cewa iskoki masu tsaunin ba za su yarda a kwashe musu duwatsu ba. Da aka ji baƙon yare a bakinsa, ba wanda ya yi shakka. Habsu ta ratsa maza tana kururuwa.

"Su ne! Sun kama shi! Na faɗa, na faɗa! A lulluɓe shi, kar iska ta ƙara shigarsa! A kawo garwashi, a kawo turare!"

Ta kwance mayafinta ta rufa masa. Wani ya kawo bargon mai gadi aka ƙara. Wani ya ruga gari ɗebo wuta. Ina tsaye da dutse a kaina ina kallon ana tula wa mutum tufafi a kan kore, a kan taggo, a kan leda, a kan dutsen da in ka fasa ƙwai zai soyu. Ƙafarsa ɗaya na fizga a ƙarƙashin bargo. Nan take na gane, kamar an mare ni. Na tuna yadda nake rufe bakin tukunya in ina son wake ya nuna da wuri. Ni na rufe shi. Ni na ja zariyar.

Ku sani na ga komai kafin in motsa. Na ga Inna tsaye taku goma daga wurin, ta ja mayafi ta rufe fuska. Na ga matan gari kaf, da 'yan mata. Na san in na buɗe shi a nan, ba zai ƙara ɗaga kai a garin nan ba. Na san shi, in da zai iya magana zai ce a bar shi ya mutu a rufe. Na duba ƙurar motoci, tana nesa, hanyar kwari kuwa sai an zagaya. Na jefar da dutsen.

Ban san yadda na ratsa mazan ba. An ce na ture Liman har ya zauna. Na yaye bargo, na yaye mayafin Habsu, na warware rawani na jefar. Na kama kore in cire, ina! Mutum ne kamar bijimi, ga shi kwance a kanta. Agali mai gadin kayan aiki yana durƙushe kusa da ni da wuƙarsa ta damtse. Na zare ta ba tare da na tambaye shi ba.

Habsu ta riƙe mini hannu ta ce, "Mi za ki yi? Cima, mi za ki yi? Rigar Baba ce!"

Na ce, "Yaya, sake ni, ko in haɗa da yatsunki."

Na sa wuƙa a wuyan kore na tsaga ta har ƙasa. Ƙarar da ta yi, da ihun da jama'a suka yi, tare suka tashi. Wani tsoho ya ce, "Ta haukace, su ne suka shige ta ita ma." Na tsaga taggo. Sai ga leda, da shuɗin rubutun Nasara kwance a ƙirjinsa, ta kumbura a ciki kamar salka. Ba wanda ya gane abin da yake gani. Na yanke zariyar. Ruwa ya kwararo, mai zafi, ya fi cikin ƙwarya, ya bi kan dutse yana tururi. Fatarsa a ciki ta yi fari ta yamutse kamar hannun mai wanki. Na ɓare ledar daga jikinsa, na bar shi daga shi sai wando, gaban gari duka.

Na ɗaga kai na ce, "Ruwa! A kawo ruwa!"

Ba wanda ya motsa. Maza sun sunkuyar da kai, mata sun juya baya. Akwai tano guda, gangar ƙarfe, cike da ruwan ban itatuwa a bakin rumfa, amma kowa ya daskare. Na sake yin ihu. Sai na ga ƙwarya ta sauka gefena, da hannun da na sani. Inna ce. Ta yaye mayafin da ta yi shekara goma sha ɗaya tana rufe fuska da shi saboda shi, ta tsoma a ruwa, ta durƙusa, ta shiga shafa masa a ƙirji da wuya da hammata. Ko kallona ba ta yi ba.

Ta ce, "Zali, tsaya nan ki tare masa rana da zanenki. Ku kuma da kuka tsaya kamar turaku, ku ɗauko tanon nan. Ɗana ne ke mutuwa."

Sai a lokacin aka motsa. Muka yi ta zuba masa ruwa, ana fifita da faifai da gammo da duk abin da hannu ya samu. Can ya ja wani dogon numfashi. Ya buɗe ido. Abin da ya fara gani a duniya shi ne fuskar surukarsa a buɗe, tana sunkuye a kansa, hannunta a kan ƙirjinsa tsirara. Na ga ya gane ta. Na ga ya gane kansa. Ya mayar da idon ya rufe, kuma wannan rufewar ba suma ba ce. Hawaye ya gangaro ta gefen kunnensa.

Motoci suka iso a haka. Ba maraba, ba guɗa. A cikin baƙin akwai majo na likita, wani gajere mai faɗa. Ya taɓa jikinsa, ya ɗaga ledar da yatsa biyu, ya juya ta, ya ga zariyar.

Ya ce, "Wane mahaukaci ne ya ɗaure mutum cikin leda, da azumi, a wagga rana? Wa ya buɗe shi?"

Aka nuna ni, kamar ana nuna ɓarauniya.

Ya ce, "Madam, da kin jira mu, gawa za mu tarar."

Tambayarsa ta farko ba wanda ya amsa. Ni ma ban amsa ba. Aka sa shi a mota zuwa Keita, kwana uku ana ƙara masa ruwa a jijiya.

Da ya dawo bai ƙara fita ba, ko masallaci. Gari kuwa ya samu abin yi. Kowa ya ɗauka shi ya ɗinka abarsa, tunda ɗinki na maza ne. Yara suka sa masa suna Garin Madara, suna rerawa a bayan dangarmu. Maganar majo ba ta hana kowa cewa na yi rashin kunya ba; an ce ko ceto ne, ai da na ja shi bayan rumfa, da na bar maza su yi. Su mazan da suka rufa masa bargo! Habsu ta kwashe tsagaggiyar kore ta kai ɗakinta, ta daina amsa gaisuwata. Kullum ina jiran ranar da zai buɗe baki ya ce matata ce ta ɗinka, ita ta ƙara zariya. Kalma ɗaya ta ishe shi ya raba abin dariyar biyu, ya ba ni rabi mafi nauyi. Bai faɗa ba. Bai zage ni ba, bai gode mini ba. In na kawo abin buɗa baki ya karɓa, idonsa a bango. Ana saura kwana huɗu salla, bayan sallar asuba, ya ɗauki jakarsa.

Na ce, "Maigida, ina zuwa?"

Ya ce, "Ki kula da yara."

Shi ke nan abin da ya ce. Bai sake ni ba. Damina uku ina noma gonarsa ni kaɗai da ku a baya da gaba, rani kuma ina kan tsauni. Yana aiko da abin da ya samu ta hannun masu dawowa. A damina ta uku na tsare wani abokin tafiyarsa na ce ya gaya mini gaskiya, ko ya yi wani auren ne. Ya ce babu aure. Ya ce dariyar yara ba ta dame shi ba, rigar ma ya haƙura. Abin da ya ce shi ne, ba zai iya zama garin da wata rana zai yi kwana ya haɗu da Inna a hanya ba. Bai san inda zai sa idonsa ba.

Ban gaya wa Inna ba, amma magana ba ta ɓuya a gari. Wata safiya na je gidanta na tarar ta ɗaure tukwanenta cikin zane, an kawo jaki.

Na ce, "Inna, mi ke nan?"

Ta ce, "Karofan za ni, wurin ƙanenki. Matarsa na da ciki, ba ta da mai taimako."

Na ce, "Matarsa na da uwa a gidan da ke kallon nasu. Inna, kar ki yi mini haka. Ke kika cece shi. Shi ya kamata ya zo ya durƙusa."

Ta ce, "Durƙuson ne ba zai iya ba, ɗiyata. Na ga abin da bai kamata in gani ba, kuma da za a sake, zan sake gani. Amma yaran nan suna bukatar ubansu fiye da kakarsu. Ki aika masa hanya ta buɗe."

A nan na so in gaya mata. Maganar ta zo har maƙogwarona: Inna, ni na ɗinka. Na tsaya ina kallon ana ɗora mata kaya, ban faɗa ba. A garin nan aka haife ta, a nan kabarin ubana yake, a nan ƙawayenta suke. Ta hau jaki tana da shekara sittin da wani abu, ta tafi garin da ba ta san kowa ba sai ɗanta.

Kafin girbi ubanku ya dawo. Muka zauna shekara ashirin da shida bayan nan, muka haifi Sani da Hawwa. Bai ƙara sa babbar riga mai nauyi ba. Farar singileti ta auduga, taggo marar nauyi mai faɗi a kai, shi ke nan har ranar salla. Kun tuna yadda ya ƙone rigar ƙwallon nan mai santsi da Sani ya sayo a kasuwar Madawa, kuka ce tsoho ya cika rigima? To yanzu kun san dalili. Maganar tsauni kuwa ba mu taɓa yin ta ba, ni da shi, ko sau ɗaya.

Inna ta yi shekara shida a Karofan. Sau uku na je ganinta. Ba ta ƙara taka garin nan ba, ko sunan Sani ba ta zo ba. Da ciwon ajali ya kama ta saƙo ya makara, na isa an riga an dawo daga maƙabarta. Ubanku ya raka ni, a ƙasa muka tafi. Ya zauna a ƙofar gidan kwana uku yana karɓar gaisuwa tare da ƙanena, kamar shi ta haifa. Ni ina ciki ina tunanin zariya. Na samu mijina da rai, wannan ban taɓa nadamarsa ba, kuma duk wanda ya ce na yi rashin kunya ya zo ya faɗa a gabana. Amma uwata ta mutu a baƙon ɗaki ba ta san allurar wa ta kai ta can ba.

Cikin waɗanda suka tsaya a kan tsaunin rannan, Liman ya rasu, maigari ya rasu, majo an ce ya rasu a garinsu. Agali yana nan, idonsa ya tafi, jikokinsa ke jan sa zuwa masallaci. Zali tana Tama wurin ɗanta, haƙori biyu suka rage mata kuma har yanzu ba ta bar zagina ba. Sai Habsu. Ta haura casa'in, 'ya'yanta duk sun riga ta, tana ɗakin da ke bayan nawa, ni ke dama mata fura. Har gobe in an taɓo zancen cewa take ƙanenta ya yi wauta, ni kuma na yi ɓarna. Ramatu, in kin kai ƙarshe ki ajiye alƙalamin, ki ɗauko takardun mu shiga wurinta. Ita za a fara karanta wa. Ki ɗaga murya sosai, kunnenta ya yi nauyi, kuma in kin zo wurin zariyar kar ki yi sauri.